Gwanintar katikis: yadda ake dasa coci a sabuwar unguwa

Garin Haɗeja ya daɗe da tsallake ganuwarsa. Kasuwar kifi da ta shinkafa, noman rani a kwarin Auyo, kwalejin Binyaminu Usman, da jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, duk sun jawo jama'a, gidaje suna ta miƙewa a inda dā gonaki ne. A cikin masu tarewa a waɗannan unguwanni akwai Kiristoci ƙalilan: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan sanda, masu sayar da kayan gyaran mota, ɗalibai, da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Wasunsu 'yan Katolika ne, wasu 'yan Angalika, wato ɗariƙun da ibadarsu ke bin littafi da kalanda da jerin shugabanni. Tara irin waɗannan mutane har su zama ikilisiya sana'a ce mai zaman kanta, kuma gwaninta ba bishop ba ne, ba kuma limami ba. Katikis ne, mutumin da sau da yawa sunansa ba ya shiga takardar tarihi.

Abin da ya sa aikinsa ya fi wuya shi ne hannunsa a ɗaure yake. Mai wa'azin da ke cin gashin kansa yana iya kama hayar shago yau, gobe ya ɗaura lasifika ya ce ya buɗe coci. A Katolika da Angalika ba haka abin yake ba. Jibin Ubangiji sai limamin da aka naɗa, tabbatar da masu bi bisa al'ada aikin bishop ne, kuma ba wanda ke kiran taro ikilisiya sai da amincewar na sama. Limamai kuwa ba su da yawa, ƙasar ga faɗi. Dayosis ɗin Katolika na Kano, wanda ya samu cikakken matsayi a 1999, shi ke riƙe da jihohin Kano da Jigawa gaba ɗaya. Angalika sun kafa nasu na Dutse a 1996, shekara biyar bayan ƙirƙiro jihar Jigawa, Bishop Yusufu Lumu ya zama na farko a kujerar. Daga Dutse zuwa Guri ko Birniwa tafiya ce mai nisa. Don haka fada ko rabaran sai jefi-jefi yake leƙowa, sauran Lahadin duk a wuyan katikis suke.

Farkon aikinsa ƙafa ce. Yana bin asibiti da bariki da layin 'yan tireda yana gaisuwa, yana gano wa aka yi wa baftisma, a ina, wa ya yi aure a coci, wa ke da yaran da ba su fara koyon katikisma ba. Yana rubuta komai a littafi, domin a waɗannan ɗariƙu rajista ita ce shaidar mutum duk inda aiki ya kai shi. Idan ya samu gida biyar ko shida, sai a fara haɗuwa a falon wani ko a ajin makaranta. Tebur ɗaya, farin ƙyalle, gicciye, kyandir biyu, shi ke nan an samu wurin sujada.

A nan ne ake gane gwani. Mutum goma sha biyu ne a ɗaki, fanka ba ta juyawa, amma yana bi da su daki-daki kamar a babban cocin Kano: furta zunubi, zabura, karatu daga Tsohon Alkawari da Sabo, shaidar bangaskiya, addu'o'in roƙo. Ba ya tsallake wani sashe don mutane kaɗan ne, ba ya kuma ƙara nasa don ya burge. Ya san inda ikonsa ya tsaya, ba zai taɓa faɗin kalmomin da na limami ne ba. Karatun da zai yi ma ba shi ya zaɓa ba. A Katolika jadawalin karatun Lahadi yana zagayowa ne duk shekara uku, abin da aka karanta a Haɗeja shi aka karanta a Legas da Roma a wannan rana. Amfanin haka a unguwar baƙi babba ne. Ma'aikaciyar jinya da aka turo daga Kafanchan jiya, in ta shigo yau, ta san inda za ta tsaya, ta san amsar da za ta bayar. Ba ta san kowa ba, amma ba baƙuwa ba ce.

Kalanda ma makaranta ce a hannunsa. Ƙyallen bagade yana sauya launi: shunayya a makonni huɗu kafin Kirsimeti da kuma lokacin azumin kwana arba'in, fari a Kirsimeti da Ista, ja a Fentikos, kore a sauran makonni. Ganyen dabinon da aka riƙe a Lahadin da ke gabanin Ista ba a zubar da shi. Ana adanawa, a ƙona baɗi, tokarsa ce ake shafawa a goshi ranar Larabar da azumi ke kamawa. Yaron da ya ga wannan sau uku ya haddace shekarar addininsa ba tare da an zaunar da shi ba.

Sai batun harshe, wanda ya fi komai saurin raba kan jama'a. A benci ɗaya ga Ibo, ga Bayarabe, ga mutumin Filato, ga Bahaushen da kakanninsa Maguzawa ne. Turanci zai bar wasu a baya, harshen ƙabila ɗaya zai kori sauran. Katikis mai basira yakan raba: karatu ɗaya da Turanci, ɗaya da Hausa, waƙoƙi a zagaya kowa ya ji nasa. Kayan aikin kuwa akwai su tun tuni. Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya zauna a Zariya tun 1905, kuma aikinsa da na abokansa ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Katolika kuma sun samu damar yin ibada da harsunan gida bayan shawarar babban taron Batikan na biyu a 1963.

Fili shi ne jarrabawa mafi tsawo. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna, kuma a garin da kusan kowa Musulmi ne, takarda kaɗai ba ta isa a zauna lafiya ba. Wanda ya iya aikin ba ya farawa da bulo. Yana farawa da gaisuwa wurin mai unguwa da dagaci, ya bayyana ko su wane ne, nawa ne, da ƙarfe nawa suke taruwa. Yana zuwa ta'aziyya da barkar suna. Yana juya lasifika ciki, ko ya haƙura da ita. Ya san an ƙona coci-coci a Dutse a rikicin Satumbar 2006, ya kuma san cewa katanga ba ta tsare gini kamar maƙwabcin da ya san sunanka. Shimfiɗar fuska, in ji Hausawa, ta fi ta tabarma.

A ƙasar Haɗeja akwai kuma ruwa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya tafiyar kogin Haɗeja, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, ambaliya ta yi ɓarna a 2018 da 2020 da 2022. Filin da ya yi araha a watan Maris yana iya zama tafki a Satumba. Shi ya sa gwani ba ya sayen fili da rani sai ya tambayi tsofaffin manoman wurin inda ruwa ya tsaya a shekarar da ta fi muni. Ya nemi tudu, ya ɗaga harsashi, ya sa akwatin rajista da littattafan addu'a a sama. Ginin kuma bai zama dole ya yi kama da na Turai ba. Cocin St Bartholomew na Wusasa, wanda aka gina a 1929 da ƙasa irin ginin Hausa, har yau yana tsaye.

Kuɗin ginin daga jama'ar yake fitowa: baikon Lahadi, gudummawar zumuntar mata, da bikin godiya na kaka, inda a wannan yanki ake iya kawo buhun shinkafa, tattasai da busasshen kifi a yi gwanjonsu. A hankali ake tafiya. Bana harsashi, baɗi bango, kwano sai Allah ya hore. Henry Venn, sakataren CMS a ƙarni na 19, ya kafa ma'aunin da har yanzu ake dubawa: ikilisiya ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma haifi wata. Abin kamar dashen shinkafa ne, ba a cire iri daga gandunsa sai saiwarsa ta yi ƙwari.

Matsalar da ba ta ƙarewa ita ce canjin wurin aiki. Mai karatu mafi kyau an mayar da shi Gumel, ma'aji ya yi ritaya ya koma gida, masu yi wa ƙasa hidima shekara ɗaya ce tasu. Saboda haka katikis ba ya riƙe aiki ɗaya shi kaɗai. Kowane mai karatu yana da na baya, kowace shugabar mawaƙa tana koyar da wata, yara suna koyon hidimar bagade tun suna firamare.

Ranar da bishop zai zo ya keɓe ginin, ya kuma turo limami mazauni, katikis yakan koma kujerar gefe, ya miƙa rajista da makullai. Sau da yawa kafin shekara ta zagayo an tura shi wata unguwar da ke tasowa a bakin hanya, inda aka ce akwai gida huɗu da ba su da wurin sujada. A wannan sana'a ba a auna mutum da yawan waɗanda suka taru dominsa. Ana auna shi da ko Lahadin farko bayan tafiyarsa an buɗe ƙofa a kan lokaci, an kuma yi ibada daidai ba tare da shi ba.