Sai Mun Haɗu A Littafi Na Biyu

Yau maganar marubutanmu zan yi, da irin shawarwarin da suke ba junansu kan yadda ake rubutu da yadda ake tallarsa, domin kuwa duk abin da suka ƙulla a zamansu, a aljihunmu da zukatanmu yake ƙarewa.

Ni dai a nan Ɗankaza na tashi, kuma littafin hikaya bai taɓa zuwa mana da ƙafarsa ba. Sai ranar Juma'a in za a ci kasuwar Wudil, a ɗaure wa yaro kuɗin da aka tara daga ƙuli-ƙuli ko saƙar hula, a ce in ya ga mai littattafai ya karɓo. Littafi guda sai ya zaga gida biyar, har bangonsa ya cire a ɗinke da zare. To a haka na fara lura da wani abu. In ka juya bayan wasu littattafan sai ka tarar da jerin sunayen wasu littattafai da marubutansu, da tambarin ƙungiyar Raina Kama.

Wannan ƙungiya ta yi tashe a Kano a farkon shekarun 1990, kuma cikin jigoginta akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa. A lokacin manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya saboda tsadar takarda da karyewar naira, sai marubuci ya zama shi ne mai rubutu, shi ne mai kai wa maɗaba'a, shi ne mai bin shaguna karɓar ciniki. Sai suka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suna duba wa juna rubutu, tsoho ya nuna wa sabo inda ake buga littafi da rahusa, kowa kuma ya tallata littafin ɗan uwansa a cikin nasa. Wallahi wannan dabara ta yi kyau, kuma ba don ita ba, da mu na ƙauye ba mu san sunan rabin marubutan da muka sani ba.

Amma fa a cikin wannan zama ne wata ɗabi'a ta yi jijiya, wadda har gobe nake jin haushinta, wato yanka labari gida-gida. Dalilin farko mai kyau ne: marubuci ba shi da jarin buga babban littafi, mai saye ma ba ta da kuɗinsa, sai a fitar da na ɗaya, in ya sayu a buga na biyu da cinikinsa. To daga baya sai larura ta koma sana'a. Aka gane cewa in an tsaya daidai inda amarya ta yanke jiki ta faɗi, ko inda miji ya ɗauko biro zai rubuta takarda, dole mai karatu ta nemo na gaba. Sai labarin da bai wuce a gama shi a littafi guda ba ya kai uku ko huɗu, a cika shi da lissafin akwatunan lefe da launin labule da sunan mota. Ni kaina na taɓa sayen na ɗaya da na biyu na wani littafi da ba zan faɗi sunansa ba, na yi shekara ina aike Wudil, na uku bai fito ba har yau. Kuɗina sun tafi, yarinyar labarin kuma tana nan kwance a asibiti.

Ɗabi'a ta biyu ita ce bin abin da ya sayu. In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya fito a 1991, ya karɓu ƙwarai, domin ya taɓo ciwon da kowa ya sani: Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, ana neman tilasta mata mai kuɗi. Bayansa sai ga 'yan kwaikwayo rututu, kowa da 'yar Alhajinsa da ɗan talakansa. Sun ɗauki kwano sun bar tuwon. Irin wannan ne ya ba masu suka ƙofa, har Malam Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta musayar alƙalami a jaridu, Malam Abdalla Uba Adamu yana cikin masu kare su. Ni a ganina kowanne yana da tasa gaskiyar. Kasuwa ce ta kawo mana karatu har ɗaki, kasuwar ce kuma ta koya wa wasu ha'inci.

Ku dubi Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba, wanda ya fito a 1990. Babu wani ado a cikinsa. Rabi ce da 'ya'yanta tara, da mijinta Alhaji Abdu da ya auro Delu ya kore ta, ta kama sayar da abinci tana riƙe yaranta. Wace ce a cikinmu ba ta san wata Rabi a unguwarsu ba? Ana iya jayayya kan ƙarshensa, domin ni har yanzu komawar Rabi gidan mutumin da ya wulaƙanta ta tana ci mini rai, amma wannan cin ran shi ne shaidar cewa labarin yana da rai. Shi ya sa a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya, wadda Malam Aliyu Kamal ya yi. Ba tambari ne ya kai shi can ba, gaskiyar da ke cikinsa ce.

Yanzu zamani ya juya, littafi ya koma cikin waya. Ƙannenmu suna rubutu a WhatsApp da Wattpad, suna da zaurukansu na shawara kamar yadda na da suka yi, kuma tun 2016 da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata mata da yawa suka samu ƙarfin gwiwa. Sai dai tsohuwar cutar ta biyo su. A ba ki shafuka kyauta har a kai wurin da numfashinki zai tsaya, sannan a ce ki tura kuɗi. Neman halak ba laifi ba ne, mai rubutu ma tana da cefane. Laifin shi ne a gina labarin gaba ɗaya don wannan tsayawar, ko a zuba batsa don a ja masu biya.

Don haka 'yar uwa mai sha'awar rubutu, in kin shiga cikin marubuta ki karɓi shawarar talla, amma ki fara tambayarsu ta gyara. Ki gama labarinki kafin ki saki shafin farko. Ki karanta wa yayarki ko kishiyarki a bayyane, duk inda ta fara hamma ki soke shi. Ke kuma mai karatu, kuɗinki ne ƙuri'arki. In kin rufe littafi ki tambayi kanki, ban da sunan leshi me ya rage mini? Marubuciyar da ta bar ki da abin tunani ki nemi na gaba, ki kuma faɗa wa maƙwabciya, don babu tallar da ta kai wannan.

Allah Ya ba marubutanmu basira da tsoronSa, mu kuma Ya sa mu amfana da abin da muke karantawa, amin.