Hoto da Ma'ana a Sanarwar Gargaɗin Ambaliya: Duba Daga Lamorde, Mubi

Manufar wannan muƙala ita ce nazarin hotunan da kan raka sanarwar gargaɗin ambaliya a Jihar Adamawa, da irin ma'anar da mazaunin Lamorde, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, zai ɗauka daga cikinsu. Hoto ma zance ne, har yakan riga kalma isa zuciya.

Tun bayan ambaliyar 2012, wadda hukumar NEMA ta ce ta halaka mutum 363 a Nijeriya, siffa guda ta mamaye wannan fage: madatsar ruwa ta Lagdo a Kamaru, ko kuwa kwalekwale yana ratsa gidajen da Binuwai ta shanye. An sake ganin haka a 2022. Ga mutumin Yola ko Numan, wannan siffa ta dace, domin ruwan da aka sako daga Lagdo ta ƙofarsa yake bi. Amma kogin Yedzaram da ya ratsa Mubi bai haɗu da Binuwai ba. Daga duwatsun Mandara yake sauka, ya nufi arewa wajen Tafkin Chadi. Saboda haka abin da hoton ke faɗa wa Balamorde, ba da nufin mai sanarwa ba, shi ne cewa wannan bala'i na mutanen bakin Binuwai ne.

A nan ne, a ganina, hoto ya ƙuntata kalma. A Hausa "ambaliya" ta ƙunshi duk ruwan da ya ƙetare iyakarsa, ko na kogi ko na kwari. Hoton kuwa ya taƙaita ta ga shimfiɗaɗɗen ruwa mai tasowa a hankali, wanda ke ba mutum sukunin kwashe kaya. Ruwan gindin dutse ba ya ba da wannan sukuni: yakan sauko da ƙarfi jim kaɗan bayan mamako, ya ci gaɓa, ya kwantar da katangar ƙasa, ya wuce. Kwalekwale ba shi da aiki a nan.

Taswirar hasashen ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara ta fi kusa da gaskiya, sai dai har zuwa 2024 ma'auninta ƙaramar hukuma ne, kuma bayaninta da Turanci yake. Ba ta bambanta gidan tudu da na bakin rafi, alhali wannan bambanci shi ne mai gida a Lamorde yake buƙatar a nuna masa, da Hausa ko Fulatanci ko Gude.