Igiyar Zainab da Malfar Jaji: Sharhi a kan Karatun da Ake Yi wa "Tawassuli Ga Mata Masu Albarka"

Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) tana da shekara arba'in da 'yan kai lokacin da ta tsara waƙarta ta mata salihai, wadda aka sani da Hausa da "Tawassuli Ga Mata Masu Albarka". Ta ɗauko ginshiƙinta daga Kitabun Nasiha na ɗan'uwanta Muhammadu Bello, shi kuma ya amfana da Sifatus Safwa na Ibnul Jauzi. Ta jero matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa, ta zo kan irin su Rabi'atul Adawiyya da Sayyida Nafisa, sannan ta sauko kan matan Jama'a waɗanda ta sani ido da ido. Wannan sharhi ya dubi yadda ake karanta waƙar da ire-irenta ga mata masu irin shekarun mawallafiyar, a gari kamar Danja, da abin da karatun ke tsallakewa.

Sai a fara da mai sauraro. Mace 'yar arba'in da biyar a Danja ko Dabai ko Kahutu ita ce turken gida. Da kaka tana kan sussukar masara da surfe, da rani tana yanka tumatirin da ya yi kwantai a shanya kauɗa. 'Yarta ta zo goyon ciki, ita za ta dafa ruwan jego. Uwar miji ta kwanta, ita za ta yi jinya. Ga adashi, ga biki, ga dangin da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka. A daidai wannan lokaci ne al'ada ke fara ɗaukewa, barci ya yi wuya, zafi ya riƙa taso mata. Littattafanmu sun yi bayanin hukuncin jinin: a mazhabar Malikiyya, daga shekara hamsin zuwa saba'in ana tambayar mata, bayan saba'in ba haila ba ce. Halin mai jinin kuwa, kaɗan ne ke waiwayarsa a darasi.

Masana halayyar ɗan Adam suna da suna ga gajiyar da ke cinye jiki da zuciya har mutum ya daina jin daɗin abin da yake yi. Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kanta a 1974, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin al'amarin da ya shafi wurin aiki kawai. Da wannan ma'auni, matar Danja ba ta cikin lissafi, tun da ba a ɗauki madafi da turmi wurin aiki ba. Maganin da ake tallatawa daga Amurka da Turai, har ya iso wayoyin 'ya'yanmu, shi ma bai dace da ita ba. Wani sashensa saye da sayarwa ne, wani kuma, wanda ake kira ruhaniyar mace, yana jingina da wata da taurari da allolin mata, abin da tauhidi ya rufe ƙofarsa. Ƙin wannan abu ne mai sauƙi, malamanmu sun iya shi. Abin tambaya shi ne me muka ajiye a gurbinsa.

Mafi yawa, haƙuri muka ajiye. Mai wa'azi zai ɗauko salihan da Asma'u ta yaba, ya tsamo tsayuwar dare da azumi da kuka don tsoron Allah, ya ɗora a kan wadda ta wuni tsaye. Zai kawo labarin Nana Fatima da ta nemi mai hidima saboda dutsen niƙa ya yi wa hannunta kanta, aka ba ta tasbihi kafin barci, ya tsaya nan. Ba ya kawo igiyar da Zainab ta ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu don ta riƙe in ta gaji da salla, wadda Annabi (SAW) ya ce a kwance, ya umarci mai nafila ya zauna in ya gaji. Ba ya kawo ziyarar Salmanu gidan Abud Darda'i, inda ya tarar da Ummud Darda'i ta saki jikinta, ya tunatar da ɗan'uwansa hakkin rai da na iyali, Annabi kuma ya gaskata shi. Duka suna cikin Bukhari. Zaɓen ɗaya a bar biyu aikin mai karatu ne, kuma ba a yi shi don amfanin mai sauraro ba.

A ganina, waƙar kanta ta ba da ƙofa ga wannan karatu, domin sigar tawassuli tana taƙaita kowace mace a cikin baitoci kaɗan, sai a ga kololuwar ibadarta ba a ga wanda ya ɗauke mata girki ba. Amma idan aka iso ga matan zamaninta, ma'aunin yabon yana faɗaɗa: karantarwa, sulhunta mutane, kyauta, riƙon zumunci. Nan ne muryar Asma'u ta fi fitowa, tun da waɗannan sunaye ba daga Bagadaza ko Basra aka gado su ba.

Kuma ba a raba waƙar da tsarin da ya ɗauke ta. 'Yan Taru sun dogara ne a kan dattijan mata da suka wuce shekarun haihuwa, tare da 'yan mata ƙanana, domin su ne ke da sararin tafiya. Asma'u kan naɗa wa jaji malfa da jan rawani, ta koma ƙauyensu da karatu. Malfar nan an san ta a kan Innar Gobir, shugabar bori. Asma'u ta gane abin da ke kai mata gidan bori, wato neman wurin da za a saurari damuwarsu, sai ta buɗe musu wani wurin a ƙarƙashin Sunna. Shekarun da muke ɗauka na ƙarewar mace, a wurinta su ne na naɗi. Jaji tana fita daga gida kwana da kwanaki, wanda ke nufin wani ya karɓi tukunya.

Wannan ya kai mu ga fiƙihu, inda maza ba su cika son a tsaya ba. Risala ta ɗora wa miji mai yalwa samar wa matarsa mai hidima. Mukhtasar na Khalil ya iyakance abin da ke kan wadda ba a yi wa hadimi ba ga hidimar cikin gida, kamar kwaɓi da shara da shimfiɗa, ya fitar da saƙa da kaɗi, domin su neman kuɗi ne. Shehu Usmanu kuwa, a Nurul Albabi, ya zargi masu cusa wa mata ɗa'ar miji su manta da ɗa'ar Allah, suna ɗora musu ayyukan da shari'a ba ta wajabta ba. Idan aka fitar da kaɗi, ina matsayin sussukar buhunan masarar da za a kai kasuwa, ba lada, ba godiya?

Ɗalibanmu da ke koyarwa a Islamiyyun matan aure na yankin Funtuwa da Malumfashi su ne za su fuskanci wannan tambaya. Matar da ke gyangyaɗi a sahun baya bayan Magariba ba lallai ne raunin imani ke damunta ba. Kafin a karanta mata Rabi'a, ya kamata malama ta san ƙarfe nawa ta tashi, da wanda zai yarda ya riƙe mata gida a ranar darasi.