Tarihin Na'urorin Zamani Daga Wajen Ganuwa: Sharhi a kan Littafin Brian Larkin Bisa La'akari da Boɗinga da Shagari

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta auna littafin Brian Larkin mai suna Signal and Noise, wanda aka buga a 2008, ta ga iyakar amfaninsa ga mai son rubuta tarihin na'urorin lantarki a karkarar ƙasar Hausa. An ɗauki Boɗinga da Shagari a matsayin ma'auni domin garuruwa ne na manoma da makiyaya da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, sa'an nan kuma suna da tsohon tarihin ilmi da mulki.

2.0 Abin da Littafin ya Cim ma

Galibin masu rubuta tarihin na'urori sukan fara ne da maƙera, watau a ce an ƙago transista a Amurka a 1947, kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kamfanin IBM ya fito da kwamfutar tebur a 1981, sai a rufe littafi. Larkin ya kauce wa wannan hanya. Ya bi na'ura zuwa inda ta sauka, ya nuna yadda Turawan mulki suka buɗe ma'aikatar ruwa da wuta a Kano a 1931, da rediyo mai waya a 1944, don su cika idon talakawa da ƙarfin mulkinsu. Ya kuma nuna cewa ɗaukewar wuta da lalacewar inji da dusashewar hoto a kaset ɗin da ake kwafa a kasuwar Ƙofar Wambai suna cikin ainihin tarihin. Wannan fahimta ta cancanci yabo, kuma da ita ya kamata a ci gaba da aiki.

3.0 Inda Ma'aunin ya Gaza

Na farko, kusan duk na'urorin da littafin ya gina hujjarsa a kansu na birni ne. Rediyo mai waya yana bukatar turaku, gidan silima yana bukatar wuta da taron masu biya. Gaskiya ne akwai babi a kan majigi, wanda ke yawo ƙauyuka, amma majigi kayan hukuma ne, ya kwana ɗaya ya wuce. Na'urar da ta zauna a hannun manomi ita ce rediyo mai batir, wanda ake ratayawa a kafaɗa a tafi gona. Ta nan aka ji sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da gidan rediyon Kaduna na 1962, daga baya kuma Rima Rediyo. Ta rediyo ne kuma Birgediya Sani Abacha ya sanar da hamɓarar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ranar 31 ga Disamba, 1983. Saboda haka tarihin karkara daga batir yake farawa, kuma wanda ya fara daga turken wuta zai iske ya makara da shekaru masu yawa.

Na biyu, littafin ya fi karkata ga fim, alhali kuwa a wannan yanki kunne ya riga ido. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Tun wancan zamani ake kwafar littafi da hannu, ana haddace waƙar wa'azi ana rera ta daga gari zuwa gari. Shi kansa Shehu Shagari, yana malamin makaranta, da waƙa ya koyar da labarin ƙasa a cikin Waƙar Nijeriya. Da rikoda ta zo, sai ta tarar da turba a share: aka naɗi tafsiri da wa'azi, aka naɗi makaɗa irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ana kwafa ana ba da aro. Kalmar satar fasaha, wadda ta dace da cinikin finafinai a Kano, ba ta isa ta bayyana wannan ba, domin a wurin almajiri yaɗa karatun malami aikin lada ne.

Na uku shi ne batun kwamfuta. Ba za a ɗora wa marubucin laifi a nan ba, tun da bincikensa ya riga yaɗuwar wayar salula, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2001. Amma sakamakon ya shafe mu. Mafi yawan mutanen karkara ba su fara ganin kwamfuta a kan tebur ba. Sun gamu da ita a cikin wayar hannu, da katin memori da ake tura wa waƙoƙi a kasuwa, da na'urar tantance katin zaɓe ta 2015, da jarrabawar JAMB wadda ta koma ta kwamfuta zalla a wannan shekara. Ɗan ƙauyen da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa yana cikin wannan tarihi, kuma makomar karatunsa ta rataya a kansa.

4.0 Kammalawa

Littafin Larkin fitila ce mai haske, sai dai haskenta bai ƙetare ganuwa sosai ba. Aikin da ya rage namu ne, kuma na gaggawa ne, domin zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, katin memori kuwa ana goge shi a zuba sabo. Ina ba da shawara ga sassan Hausa da na Tarihi, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su tura ɗalibai su yi hira da tsofaffin masu gyaran rediyo da masu naɗar kaset da masu cajin waya a Boɗinga da Shagari, su tattara kaset-kaset su juye su, su kuma rubuta kalmomin sana'ar kamar yadda masu ita ke faɗar su, tun waɗanda suka sayi rediyon farko suna da rai.