Jinjina ga Malaman da Suka Adana Hujjar Abokin Jayayya

Malaman Yahudawa suna da wata al'ada da ta cancanci yabo: sukan adana hujjar wanda aka kayar a muhawara kamar yadda suke adana ta wanda ya yi rinjaye. Wajen shekara ta 200 miladiyya, da Rabbi Yahuda HaNasi ya tattara Mishna, kundin dokokin addininsu, a yankin Galili, bai share ra'ayin 'yan tsiraru ba, domin wata rana wata majalisar alƙalai tana iya dogara da shi.

Makarantun malamai biyu, Hillel da Shammai, sun daɗe suna saɓani kan aure da tsarki da ibada, amma hakan bai hana su auratayya ba. Talmud, littafin sharhin Mishna, ya bayyana cewa an fifita fatawar almajiran Hillel ne saboda tawali'unsu, don sukan kawo maganar abokan jayayya kafin tasu.

Har yau ɗaliban makarantun addini na yeshiva kan zauna bibbiyu, tsarin da suke kira havruta, suna tankaɗe da rairayar hujjar juna cikin haƙuri. Ba don irin wannan wahala ba, da an rasa babban darasi: adalci yana farawa daga sauraron wanda kuka saɓa. Madalla da waɗannan malamai.