Tafiya Biyu a Hanya Ɗaya: Tatsuniya da Koyon Tausayi a Agadas

Masu sukar tatsuniya kashi biyu ne. Na farko suna cewa ƙarya ce ake shirga wa yara, gara a ba su ƙissoshin annabawa. Na biyu, galibi 'yan boko, suna cewa zamaninta ya wuce, kuma ba abin da take koya wa ɗan talaka sai haƙuri da sunkuyar da kai. Amsar na farko gajera ce: mai tatsuniya ba ta taɓa rantsuwa cewa gaskiya take faɗi ba, kuma ƙissa da tatsuniya sun daɗe a gida ɗaya ba wadda ta kori 'yar'uwarta. Na biyun su ya kamata a zauna da su.

Cikin waɗanda aka fara ɗaukar tatsuniyoyin Hausa daga bakinsu akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Barth har Ingila. Shi Barth ɗin ya sauka a Agadas a 1850. Labaran Dorugu sun fito a Magana Hausa na Schön a 1885, Edgar ya fara fitar da nasa kundin a 1911, daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya kai tatsuniya aji da Tatsuniyoyi da Wasanni. Tun farkon rubuta ta ke nan muryar yaron da ya san wuya tana ciki.

Agadas kuwa gari ne da arziki ke shigowa da gudu, ya fita da gudu: ayarin gishirin Bilma, yuraniyom ɗin Arlit, 'yan yawon buɗe ido, zinariyar Jado tun 2014, sai jigilar matafiya zuwa Libiya da dokar 2015 ta toshe, aka soke dokar a ƙarshen 2023. Kowane yayi yakan bar gidan siminti mai ƙofar ƙarfe jingine da gidan laka. Yaran gidajen biyu suna ganin juna kullum. Abin tambaya shi ne ko suna jin juna.

Dabarar da na fi so a tatsuniya ita ce maimaita tafiya, kuma babu inda ta nuna kamar a tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, wato Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa. A yadda aka fi ba da ita, an tura 'yar bora wankin ƙirgi a ruwa mai nisa bisa laifin da ba nata ba. Ta ratsa kogunan abinci tana jin yunwa, ba ta taɓa ba. Ta iske cinya da kare a bukka, ta yi sallama, ta gaishe su kamar yadda ake gaida manya. Cinya ta yi gurnani, kare ya fassara. Aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi ta dafa, ba ta yi dariya ba, ta ɗora tukunya, tukunya ta cika. Ta komo da dukiya.

Da a nan aka tsaya, da mai suka ya yi gaskiya: yi biyayya ka samu. Amma mai tatsuniya ba ta tsallake komai a tafiya ta biyu. Sai ta sake bin hanyar nan kogi bayan kogi, bukka ɗaya, cinya ɗaya, kare ɗaya, wannan karon da 'yar mowa. Yanzu yaron da ke saurare ya riga ya san hanya, ya fi 'yar mowa sani. Ku lura da yara a daidai wannan gaɓa: jiki ya matso, wani ya dafe baki, wata ta kasa daurewa ta ce, "Kaka, ki ce mata ta gaishe su mana!" Kakar ta yi kamar ba ta ji ba, ta ci gaba. Wannan ɗokin shi ne darasin. Ɗan mai kuɗi ya kwana cikin yunwar 'yar bora a tafiyar farko. Ɗan talaka, a ta biyu, ya tsinci kansa yana jin tsoron abin da zai sami 'yar gata, maimakon ya yi mata dariya. Kowa ya shiga fatar da ba tasa ba, ba tare da an ce masa "ka zama mai tausayi" ba.

A duba kuma abin da aka gwada yaran da shi. Ba sarki suka tarar a bukkar ba, balle a ce fadanci ake koyarwa. Abin ƙyama suka tarar, wanda ba ya iya magana sai da tafinta. Laifin 'yar mowa bai wuce raina wanda take ganin ba shi da amfani ba. Wanda ya kira wannan koyon ƙasƙanci bai saurari labarin har ƙarshe ba.

Akwai tabo, ba zan ɓoye ba. A ƙarshe akan ce kutare da makafi suka rako 'yar mowa gida, wato an mai da naƙasa horo. Wannan ya saɓa wa abin da labarin ya gina. Sai dai tatsuniya ba nassi ba ce, kowace kaka tana da ikon sauya wutsiyarta, kuma ya kamata a sauya.

Inda na fi karkata shi ne tabarma. Ƙarfin tatsuniya ba a labarin kaɗai yake ba, yana ga waɗanda suka zauna jin sa. A tsakar gida bayan sallar isha ɗan maigida, ɗan mai aiki, almajirin gidan da 'yar maƙwabta gwiwa ke gugar gwiwa, kuma a gari irin Agadas, inda Hausa ta haɗa Buzu da Bahaushe da Batube a kasuwa, wannan zama ba ƙaramin abu ba ne. Lakwal ta zamani tana raba yara da kuɗin makaranta, wayar hannu kuma kowa shi kaɗai yake kallonta. A buga tatsuniya a littafi, a sa ta a rediyo, duk da kyau, amma in ɗan gata ya karanta ta a ɗakinsa, rabin aikin ya zube, don 'yar bora ba ta zaune kusa da shi.

Iyaye mata da kakanni na Agadas, in za ku shimfiɗa tabarmar nan da dare, ku aika a kira yaran gidan da ke bayan katangarku.