Daga Majigi zuwa Gidan Kallo: Sharhi kan Fim ɗin Siyasa a Birnin Kudu da Gwaram

Manufar wannan maƙala ita ce a dubi fim ɗin gaskiya, watau dokumentari, wanda gwamnatoci ke shiryawa don bayyana ayyukansu, da kuma irin karɓar da yake samu a kudancin Jihar Jigawa.

Asalin abin dai majigi ne. A shekarar 1939 Ingila ta kafa sashen fim na ƙasashen da take mulki, ƙarƙashin William Sellers, wanda dā ma'aikacin kiwon lafiya ne a Ikko. Mota kan shigo gari da injin wuta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan sarki ko hakimi, in duhu ya yi a haska. Hoton ba ya magana da bakin mutanen wurin, sai mai bayani ya riƙe lasifika ya faɗa musu da Hausa abin da suke gani. Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin: murya ɗaya, ta hukuma, bisa hotuna da yawa. Ya kamata a lura cewa iyayen da ke ƙyamar silima irin Rex, wadda aka buɗe a Kano a 1937, ba su ƙyamaci majigi haka ba, domin da iznin sarauta yake zuwa, kuma kyauta ne.

Da Sardauna ya zama Firimiya a 1954, gwamnatin Jihar Arewa ta gaji wannan tsari, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a littafinsa na 2008. Aka cire Gwamna Bature daga tsakiyar hoto, aka sa Firimiya yana rangadi, yana buɗe masana'anta, ana hawan daba. NEPU kuwa, wadda aka kafa a Kano tun 1950, ba ta da mota, ba ta da ƙyalle. Sai ta dogara ga lacca da waƙa.

To, a ganina wannan gado ne ya daure fim ɗin siyasa har yau. Alal misali, a ɗauki kowane shiri na cikar gwamna shekara a kan mulki. Za a ga titi daga sama, a ga almakashi da ƙyallen yankawa, a ga mata na guɗa. Idan an ba talaka dama ya yi magana, to godiya ce. Ranar buɗe asibiti ake ɗauka; ba a komawa bayan damina biyu a ɗauki ɗakin magani. Sauyin jam'iyya bai taɓa wannan siga ba. Abubakar Rimi na PRP ya kafa tashar CTV a Kano, lokacin Birnin Kudu da Gwaram na cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Sule Lamido, mutumin Bamaina a ƙasar Birnin Kudu, ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015. Dukansu 'yan gidan Malam Aminu Kano ne a siyasa, amma nau'in fim ɗin da jiha ke biya a yi bai rabu da muryar mai lasifika ba.

Sai batun lokacin kallo. Ƙarshen mako, in ana nufin Asabar da Lahadi, lissafin ma'aikaci ne da ɗalibi. Makon manomi Juma'a da ranar kasuwa ke raba shi. Abin da ya tara samari a waɗannan ranaku biyu shi ne ƙwallon Ingila a gidan kallo, inda ake biyan kuɗi a shiga. Fim ɗin gwamnati ba ya iya takara da wannan. Yakan iso ne guntu-guntu ta wayar hannu, a majalisar mai shayi ko bayan an tashi ɗaurin aure.

A nan ne kuma ƙarfinsa ke karyewa. Mai kallon majigi a 1958 ba shi da hanyar sanin ko masaƙar Kaduna haka take. Amma wanda aka nuna wa rijiyar burtsatse a Sara, to jiya ya wuce ta da jarka a kan babur, ya san ko tana ba da ruwa. Yana iya tsayar da hoton, ya mayar da shi baya, ya miƙa wa na kusa da shi, har ya ɗauki nasa da wayar ya tura.